"Tana fuskantar barazanar ƙarewa": mu san inda za mu ajiye wannan kalma



Yanzu kowa ya ɗora hoton tsuntsu yana neman mai saye, sai ya rubuta "wannan iri ya kusa ƙarewa a duniya" don farashi ya hau. Ni dai a ganina wannan cin amanar kalma ne.

Kalmar tana da ma'auni. Tun 1964 ƙungiyar IUCN ke ajiye kundin halittu mataki-mataki: masu rauni, masu fuskantar barazanar ƙarewa, waɗanda ke dab da ƙarewa, sai waɗanda suka ƙare. Ana duba yawan da suka rage, saurin raguwarsu, da faɗin inda suke rayuwa. Ungulun da a da ke cika mayanka, a 2015 aka saka ta cikin masu dab da ƙarewa. Ita kuwa tarwadar da muke kiwo ba ta cikin haɗari. Tsadar 'ya'yan kifi a kasuwarku ƙarancin kaya ne kawai.

To ina kalmar ta shafe mu? Kaza ba za ta ƙare a duniya ba, amma irin kaza yana iya ɓacewa. Ka saki zakaran Noiler cikin kajin gida, ka maimaita shekara bayan shekara, wata rana za ka nemi asalin kazar Fulani ko mai wuya ba gashi a gidanka ka rasa. Alhali ita ce ke jure zafinmu, ta yi kiwonta da kanta, ta kwanta kan ƙwai ta ƙyanƙyashe ba inji ba wuta, har ƙwan zabo a saka mata. Yawancin kajin gona masu ƙwai ba sa kwanci.

Ban ce kar ka yi kiwon na zamani ba, ciniki ne kuma akwai riba. Amma ka ware keji ɗaya: zakaran gida ɗaya, kaji takwas zuwa goma, ba gauraye. Lokaci-lokaci ka musanya zakaran da na wani gari, ka killace shi mako biyu kafin ka haɗa su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk wanda kuma ya ce maka hajarsa ta kusa ƙarewa, tambaye shi a wane kundi aka rubuta. In gaskiya ne ma, wataƙila doka ta hana cinikinta.

Wane irin kazar gida ka daina gani a garinku?

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.