SHARHI: Kumbon Discovery da dutsen Agadas, wa ke da hakkin gani?

Ran 4 ga watan Yuli na 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kasafin kuɗi. A cikin ɗaruruwan shafukanta an cusa wani ɗan sashe da ya ware dalar Amurka miliyan 85, wato kusan miliyar 48 na kuɗin sefa, domin a ɗauke wani kumbo da ya taɓa kai mutane sararin samaniya a mai da shi kusa da wata cibiya ta hukumar NASA. Dokar ba ta faɗi sunan kumbon ba, ba ta kuma faɗi sunan garin ba. Amma sanatoci biyu na jihar Tekzas, John Cornyn da Ted Cruz, ba su ɓoye abin da suke nufi ba: kumbon Discovery suke so, a birnin Hustan kuma suke son ganinsa.

Tun watan Afrilu na 2012 Discovery yake girke a reshen babban gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Amurka, a jihar Birjiniya, kimanin kilomita 40 daga Washinton. Gidan yana ƙarƙashin hukumar Smithsonian, wadda aka kafa a 1846 da dukiyar da wani Baturen Ingila, James Smithson, ya bari wasiyya. Shi kuwa kumbon ya tashi sau 39 tsakanin 1984 da 2011, ya yi jimillar kwana 365 a sama, shi ne kuma ya kai madubin hangen taurari na Hubble a 1990. Hukumar Smithsonian ta ce NASA ta mallaka mata shi baki ɗaya, kuma amanar al'ummar ƙasar ce take riƙe da ita.

Gaskiya ce mutanen Hustan suna da abin faɗi. A garinsu ake horar da 'yan sama-jannati, daga garinsu aka ja ragamar kowace tafiya ta wannan kumbo, kuma lokacin da NASA ta raba kumbunan da suka yi ritaya, a 2011, Birjiniya ta samu, Fulorida ta samu, Los Anjelas da Niyu Yok sun samu, Hustan ta tashi hannu wofi. Ɗan Damagaram ko ɗan Tawa da ya saba ganin kowane abin kirki yana ƙarewa a babban birni ba zai rasa gane wannan ɓacin rai ba. Sai dai ɓacin rai, ko da na gaskiya ne, bai isa hujjar taɓa kayan jama'a ba. Akwai tambayoyi biyu da ya wajaba a amsa tukuna: shin kayan za su isa lafiya? In sun isa, wa zai iya ganinsu?

Amsar tambaya ta farko ba ta da daɗi. Tsawon Discovery mita 37 ne, faɗin fukafukansa kusan mita 24, jikinsa kuma lulluɓe yake da ƙananan tubalan kare zafi fiye da 20,000, masu saurin fashewa. A bisa bayan wani jirgin Boeing 747 na musamman aka kawo shi Birjiniya. Irin waɗannan jirage biyu ne kawai aka yi, dukansu sun daina tashi, ɗaya ma yana girke a Hustan ɗin ana kallonsa. Tafiyar kuwa kusan kilomita 2,000 ce. Masu kula da kumbon sun yi gargaɗi cewa sai an kwance shi gunduwa-gunduwa kafin ya bi hanya, cewa ba a ƙera shi don a kwance shi ba, kuma miliyan 85 ɗin ba za su isa ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar maganar. Inda Discovery yake, shiga kyauta ce. Mai mota kaɗai ke biyan kuɗin wurin ajiye motarsa. Malamin lakkwal yana iya jan 'yan ajinsa arba'in ya kai su gaban kumbon ba tare da ya nemi ko dala daga iyayensu ba. Gidan kallon da ke Hustan kuwa wata ƙungiya mai zaman kanta ke tafiyar da shi, kuma babban mutum yana biyan wajen dalar Amurka 30 a ƙofa, kusan jika 17 ke nan. Mai iyali shida sai ya yi lissafi. Abin da aka ƙera da harajin kowa, aka adana da harajin kowa, za a sake kashe harajin kowa a kai shi inda sai mai hali zai gan shi. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shago ya san sunan irin wannan ciniki.

Ba a ce ita hukumar Smithsonian ba ta da abin gyarawa ba. Babban gininta na Washinton, wanda aka buɗe ran 1 ga Yuli na 1976, ya shiga gyara tun 2018, saboda duwatsun da aka lulluɓe bangonsa da su an yanka su da siranta har suka lanƙwashe. An buɗe zaure 8 a watan Oktoba na 2022, aka ƙara 5 a watan Yuli na 2025, aka tsai da 1 ga Yuli na 2026, ranar cikar gidan shekara 50, don kammala aikin. Tare da sake buɗewar aka shigo da sabon tsari: shiga tana nan kyauta, amma sai mutum ya riƙe takardar da ke nuna rana da sa'ar zuwansa, wadda galibi ta intanet ake samu. An yi haka don rage cunkoso, dalilin kuma yana da ƙarfi. Amma tsoho marar sabo da salula, da baƙon da ya sauka garin yini guda, su ne ƙofar ke fara tsayarwa. Ƙofar da ba a biya amma sai da takarda, rabinta kawai aka buɗe.

Akwai kuma waɗanda ko sun shiga ba lalle su amfana ba. Dokar Amurka ta 1990 a kan hakkin naƙasassu ta sa ya zama abin kunya a gina wurin jama'a da gurgu ba zai iya shiga ba, gidajen Smithsonian kuma suna ba da aron keken guragu kyauta. To amma makaho fa? Yawancin jiragen gidan a rataye suke can bisa, kumbon Apollo 11 da rigar Neil Armstrong kuma a bayan gilashi. Shi ya sa abin da ya fi kowane daraja a wannan fanni shi ne wani ɗan yankin dutse da 'yan sama-jannatin Apollo 17 suka ɗauko daga wata a 1972, wanda tun 1976 aka bar kowa ya sa yatsa ya taɓa. Makaho da mai ido, ɗan minista da ɗan lebura, daidai suke a gaban wannan dutse. Da shi ya kamata a auna kowane sabon zaure: rubutun makafi a jikin kowane bayani, siffofin jirage da hannu zai shafa, magana da kunne zai ji, allo a tsayin da mai zaune a keke zai karanta. Kuɗin da ake son kashewa wajen jan kumbo guda a kan hanya da sun yi wannan aiki har sun yi saura.

Wannan ba shi ne karo na farko da 'yan siyasa suka sa hannu a cikin gidan ba. A 1994 da 1995 an yi babbar taƙaddama a kan jirgin Enola Gay, wanda ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima a 1945. Masana sun shirya nuni da zai haɗa jirgin da hotunan waɗanda bam ɗin ya halaka. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka taso, aka soke shirin a watan Janairu na 1995, shugaban gidan, Martin Harwit, ya yi murabus a watan Mayu. A watan Agusta na 2025 kuma fadar shugaban ƙasa ta aika takarda tana neman bincika abin da ake nunawa a gidaje 8 na Smithsonian, har da wannan. Ranar da mai mulki ya sami ikon cewa a sauke wannan allo, a ɗauke wancan kumbo, daga ranar gidan tarihi ya koma rumbun jam'iyya, wanda ya ci zaɓe ya ɗiba. Wanda ya gaje shi ma zai ɗiba.

Mai karatu yana iya cewa wannan rigimar masu kumbo ce, ina ruwan Nijar da ita? Akwai ruwanta. A watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani dutse mai nauyin fiye da kilo 24 a yankin Agadas, masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya faɗo, kuma shi ne mafi girma a irinsa da aka taɓa samu a bayan ƙasa. Ran 16 ga Yuli na 2025, kwana 12 bayan sa hannu a waccan doka, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a Niyu Yok a kan dalar Amurka miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa, ga wani mai saye da ba a bayyana sunansa ba. Gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar buɗe bincike a kan yadda ya fita, kamfanin ya ce an bi ƙa'ida. Kowace amsa binciken ya bayar, abu guda ya tabbata: yaron Amurka yana taɓa dutsen wata kyauta, yaron Agadas kuwa bai ko ga dutsen da ya faɗo a ƙasarsu ba. Amurkawa suna gardama a kan garin da za a ajiye kayansu da kuɗin ƙofarsa. Nan kayan sun riga sun ƙetare teku kafin a buɗe baki.

Saboda haka darasin ba shi da wuyar ɗauka. Ƙasar da take da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959, take da ƙasusuwan manyan dabbobin dā da ake tonowa a hamadarta, take kuma da duwatsun da sama ke jefo mata, tana bukatar ƙa'ida a rubuce kafin wata rigimar ta taso: mene ne ba ya fita, wa ke riƙe da shi, wa ke da ikon motsa shi, nawa ɗan lakkwal zai biya, ta ina gurgu zai shiga. Jihohi suna da hakkin ganin kayan ƙasa a gida, hanyar kuwa ita ce aro da nuni mai yawo, bisa shawarar masana. Ɗan kasuwar da aka kawo wa baƙon dutse a asirce, da ma'aikacin duwan da ya ga an wuce da shi, su sani abin da ya fita da wuya ya dawo.

Su kuwa 'yan majalisar Amurka, in da gaske girmama Hustan suke so, su gina mata gidan da kowa zai shiga kyauta, su ba ta kumbon da za a iya ɗauka ba tare da an yanka shi ba. Discovery ya je sama sau 39 ya dawo lafiya. Abin takaici ne a ce a ƙasa, a hannun masu neman ƙuri'a, zai karye.