Linux Da Tsofaffin Kwamfutocin Makarantu: Wa Zai Yashe Magudanar?

Duk manomin rani a Wurno, ko mai shayar da gonarsa daga madatsar ruwa ta Goronyo, ya san cewa haƙa magudana aikin lokaci ɗaya ne, amma yasarta aikin kowace shekara ne. Ranar da masu gayya suka watse, yashi da ciyawa sai su toshe ta. Haka al'amarin yake ga buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar asalin rubutunsu a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta.

Mafi shahara a cikinsu ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Ya tsara ta ne domin ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Intel 80386 kaɗai. Da yake kowane jinsin ƙwaƙwalwa da irin umarnin da yake fahimta, sai an sake rubuta wasu sassa kafin manhajar ta yi aiki a kan wani jinsin. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin DEC ya ba Torvalds na'ura mai ƙwaƙwalwar Alpha, aka koya wa Linux yarenta, daga nan wasu jinsunan suka biyo baya.

To, a nan ɗawainiya take. Duk gyaran da aka yi wa manhajar, dole a jarraba shi a kan kowane jinsi, kuma dole a samu mai na'urar, mai lokaci, mai sani. Da aka rasa su, sai aka fara zubar da kaya. A ƙarshen 2012 aka cire 80386 ɗin da aka haifi Linux a kanta. A 2018 aka cire jinsi takwas a lokaci guda. Sannan a watan Agusta na 2025 ƙungiyar Debian ta fitar da bugunta na 13 ba tare da abin girkawa ga kwamfutoci masu bit 32 ba.

Wannan ya shafi makarantar da ke Rabah ko Goronyo kai tsaye, idan abin da ta mallaka tsofaffin kwamfutocin gwanjo ne. Windows 11 ba ta aiki a kan masu bit 32. Linux ce mafakarsu, ga shi mafakar ta fara yoyo. Na'urar ba za ta mutu nan take ba, amma idan aka daina toshe ƙofofin ɓarayin intanet, haɗa ta da layi ya zama ganganci. (Malami ya bincika kafin ya yanke ƙauna: da yawa daga cikin kwamfutocin da aka ƙera bayan 2007 masu bit 64 ne, ko da an ɗora musu tsohuwar manhaja.)

Wasu za su ce an yi watsi da talaka. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin lokacin da Ubuntu ta yi niyyar irin wannan a 2019, koken masu wasannin kwamfuta ne ya sa ta sassauta. Mai murya shi ake ji. Amma tsufa ba shi ne ainihin dalili ba. Ƙwaƙwalwar Motorola 68000, ta zamanin kwamfutar Amiga a shekarun 1980, danginta na nan cikin Linux saboda wasu 'yan tsirarun masu sha'awa sun ƙi sakin ta. Ba a kori kowa ba. Wanda ya zo gayya shi ake yashe wa magudanarsa.

Saboda haka ya kamata sashen nazarin kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya karɓi kaɗan daga cikin tsofaffin na'urorin nan, ya ɗora ɗaliban ajin ƙarshe a kan jarraba sababbin bugu da aika rahoton kurakurai. Za a kashe kuɗin lantarki da na intanet, babu shakka, amma ba za su kai kuɗin sake cika ɗakin kwamfuta guda da sababbin na'urori ba.