Fitila Na Ci, Hanya Ta Yanke

Daga masu POS na Kwanar Ɗangora zuwa ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, magana ɗaya ake ji idan aiki ya tsaya: "Sabis ya ɗauke." Sai dai ɗaukewar iri biyu ce, kuma kwamfuta ba ta gane su ta hanya ɗaya.

Ta farko ita ce yankewar kusa. Kwamfutar da aka jona da kebul ba ta daina gaisawa da na'urar da ke ɗaya bakin wayar. A tsohon tsarin Ethernet, ko babu saƙon da za a aika, ɓangarorin biyu kan tura wa juna ɗan bugun lantarki kusan sau 60 a daƙiƙa guda. Da zarar bugun ya tsaya, guntun na'urar da ke bakin kebul zai sanar da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, Windows ce ko Linux. Nan take koren fitila ya mutu, gargaɗi ya fito.

Ta biyu ita ce yankewar nesa, kuma a nan ake yi wa rogo kallon kitse. Idan motar haƙa ta datse wayar fayiba a gefen titin Kano zuwa Zariya, fitilar ofishinka za ta ci gaba da ci, domin maƙwabciyarta lafiya lau take. Dole manhaja ta aika ɗan aike: Windows ta nemi wani shafin Microsoft, Android ta nemi na Google. Idan shiru ya yi yawa, sai ta bayyana cewa akwai haɗi amma babu intanet. Abin da ya faru ke nan ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar wasu bankuna ta gamu da cikas a Najeriya.

Saboda haka, mai karatu, duba kafin ka zargi kowa. In fitila ta mutu, matsalar tana ɗakinka. In tana ci amma babu amsa, kada ka ɓata kuɗi wajen mai gyara.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Ya rage ga shugabannin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su tabbatar duk ɗan kwangila ya san inda waya ta bi kafin ya sa diga a ƙasa.