Gani Ya Kori Ji

A watan Janairun 2025, a bajen kolin CES na birnin Las Vegas a Amurka, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya shaida wa duniya cewa sabon katin sarrafa hotunan kwamfuta RTX 5070, mai farashin dala 549, zai yi aikin RTX 4090 da aka fitar a 2022 kan dala 1,599. Nan take masu wasannin kwamfuta suka sa rai.

Da katin ya fito a watan Maris, masu gwaji masu zaman kansu suka gano cewa ba ya kusantar hakan sai an kunna dabarar da ke ƙirƙiro hotuna tana cusawa tsakanin na ainihi. Kashegari kamfanin AMD ya fitar da RX 9070 XT kan dala 599, wanda ya fi shi ƙarfi.

Gasa abin so ce, domin ita ke hana kamfani ɗaya yanka farashi yadda ya ga dama. Amma alƙaluman farko na mai kaya ne, kuma mai kaya ba ya kushe hajarsa. Wajibi ne mai saye ya jira sakamakon waɗanda ba su da hannu a cinikin kafin ya zare kuɗinsa.