RA'AYIN JARIDA: Kada Ruwan Indararo Ya Tafi A Banza

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, ya san darajar ruwa, domin kuwa da yawa daga cikin 'yan'uwa da turin kurar ga-ruwa suke ci da iyalinsu. Amma ƙalilan ne suke tunawa da cewa a ƙauyukan da suka baro akwai makarantun firamare da babu rijiya, babu famfo, babu ko randa. Yaro ya kan fito da sassafe da 'yar gorarsa, kafin tara ta yi ta ƙare, daga nan sai ya nufi tafki ko kududdufi. 'Yan mata kuwa su ne ake aika ɗebo ruwa tun asuba, su iso aji rana ta take, wasu ma su daina zuwa ɗungum.

Wannan matsala ta daɗe. A shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta, an yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa a ko'ina, aka rufa su da kwano, amma a wurare da yawa ba a yi tanadin ruwan da yaran za su sha ba. An kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a wannan shekara, an kafa hukumar hanyoyi da raya karkara a 1986, an zartar da dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, har a 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwan sha da tsafta. Duk da haka, a 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta hallaka fiye da 3,000, mafi yawansu a jihohin Arewa. Gaskiya ne an ci nasarar kawar da kurkunu, aka tabbatar da hakan a 2013, amma tafkin da ya haifi kurkunu yana nan, kuma har yanzu yara suna shansa.

Abin takaici shi ne, kowace damina ruwa mai kyau yana zuba a kan rufin makarantun nan, ya gangaro ƙasa, ya zaizaye gindin ginin, ya tafi. Lissafinsa ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ke nan. Ginin aji biyu da barandarsa ya kan kai murabba'in mita 150. A ƙasar Sakkwato, wadda tana cikin masu ƙarancin ruwa, a kan sami wajen milimita 600 a shekara. Ke nan lita 90,000 take sauka a kan wannan rufi guda. In aka cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai fantsale ko a zubar, saura lita 72,000, watau jarka 2,880 mai cin lita 25. Kurar da take ɗaukar jarka 12 sai ta yi sawu 240 kafin ta kwashe shi. A ƙasar Kano da Zazzau, inda ruwan ya fi yawa, abin ya zarce haka.

Kayan aikin kuma ba baƙi ba ne: indararon kwano da za a kafa a bakin rufi, da bututu, da tanki mai murfi, da kan famfo. Kowane ƙwararren magini zai iya gina tankin da siminti da waya. Masu zama a ƙasar Inugu da Nsukka da wasu sassan Jihar Edo sun ga yadda gidaje suke haƙa tankin ƙasa suna tara ruwan damina, saboda ruwan rijiya yana da nisa a wurarensu. A arewa maso gabashin ƙasar Barazil, inda rani yake da tsawo kamar na Arewa, tun 2003 gwamnati ta shiga tallafa wa shirin gina tankuna miliyan ɗaya masu cin lita 16,000 a gidajen talakawa, daga baya aka riƙa gina wa makarantun ƙauye masu cin lita 52,000.

To, amma wannan jarida ba za ta ruɗi masu karatu ba. A can ƙuryar Arewa damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi yara suna dogon hutu. Saboda haka girman tanki shi ne jigon al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 5 a rana ga kowane ɗalibin makarantar jeka-ka-dawo. In makaranta tana da yara 200, tankin lita 30,000 zai ɗauke su kwana 30 na karatu kawai a kan wannan ma'auni. In kuwa aka taƙaita shi ga sha da wanke hannu, lita 2 ga kowane yaro, zai kai kwana 75, ya zarce zangon karatu guda. Bazara, lokacin da ƙishi ya fi tsanani, tana bukatar tanki na biyu. Inda rijiyar burtsatse za ta yiwu, a haƙa ta. Amma akwai garuruwan da suke kan dutse, an haƙa an sake haƙawa ba a tarar da ruwa ba, akwai kuma waɗanda famfonsu ya lalace aka rasa mai gyara. Irin waɗannan su ne suka fi cancantar tanki.

Tsafta kuma wajibi ce. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru suna taruwa a kan kwano duk tsawon rani, don haka a bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube, kada a tare shi. A sa raga a bakin bututu, a rufe tanki ruf don kada ya zama matattarar sauro, a wanke cikinsa kafin kowace damina, a kuma nemi jami'in tsafta ya nuna gwargwadon maganin da za a zuba. Mabuɗin famfon ya zauna a hannun shugaban makaranta da kwamitin iyayen yara, da sanin mai unguwa, domin tankin da gari duka ya raja'a a kansa ba zai yi mako biyu ba.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Wannan jarida tana kira ga hukumomin ilmin firamare na jihohi da su sanya indararo da tanki cikin sharuɗɗan kwangilar kowane sabon ginin aji, kada a biya ɗan kwangila sai an ga ruwa ya shiga tanki. Kuɗin da Gwamnatin Tarayya take warewa jihohi domin ilmin bai-ɗaya ya isa a gutsura a yi wannan aiki. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan majalisa na wannan jam'iyya su ne ya kamata su fara nuna misali a mazaɓunsu, tun da makaranta ita ce rumfar zaɓe a mafi yawan ƙauyuka, kuma sun ga halin da take ciki da idanunsu.

Daga ƙarshe, kira yana kan mazauna Kudu. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su kewaye maƙabarta a gida, kuma Allah Ya saka musu da alheri. Shayar da mai ƙishi ma sadaka ce mai gudana. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari su sa wannan batu a taronsu na gaba: kowace ƙungiya ta zaɓi makaranta ɗaya, ta aika mutum ya auno rufinta, a sami magini, a kammala aikin kafin ruwan farko. Wanda ya koma gida hutun Salla kuma ya leƙa ya ga ko indararon yana nan daram.

Allah Ya kawo damina mai albarka, amin.