Kaji a Baranda, Kafso a Ruwan Shansu

Makonni kaɗan da suka wuce wata baiwar Allah ta tsaya a tagar ɗakin magani na asibitin da nake aiki, ta karɓi maganin ɗanta mai shekara biyu da aka kwantar saboda gudawa da zazzaɓi. Har ta juya sai ta dawo, ta sassauta murya ta ce, "Malam, don Allah ko za a samu ja da yalo ko da sache biyu ne? Ba na yaron ba ne, kajina ne suke ta gyangyaɗi." Na tambaye ta inda kajin suke. Ta ce a baranda, hawa na biyu, kusa da igiyar shanya, inda yaron yake wasa idan tana girki.

Ban ba ta kafson ba, kuma ban ji daɗin yadda na ga fuskarta ba, domin ba muguwa ba ce. Uwa ce da kuɗin kiret ɗin ƙwai ya fi ƙarfinta, ta ga bidiyo a Facebook ana cewa kaji huɗu a ɗan keji sun isa su ciyar da gida, ta gwada. Da masu yin bidiyon nake faɗa, da mai kemis ɗin da zai miƙa mata abin da na hana ta ba tare da ya ɗaga kai ba.

Za a ce ai kakanninmu sun yi kiwon kaji a gida, babu abin da ya same su. Gaskiya ne sun yi kiwo. Amma a tuna irin gidan. Tsakar gida ce mai faɗi, ƙasa tana shanye danshi, rana tana busar da kashi, akurki yana can bayan rumbu, kaza ta fita ta yi tononta ta dawo da magariba. Barandar gidan bene kuwa siminti ne ko tayil, taku uku a taku biyu, ƙofarta tana buɗewa cikin falo ko kicin. Kaza mai ƙwai tana cin abinci sama da giram 100 a rana, abin da take fitarwa kuma bai yi ƙasa da haka sosai ba. A lissafa na kaji huɗu, kullum, a wurin da babu inda zai tafi sai tsintsiya, da tafin ƙafa, da bututun da ke zuba a barandar maƙwabcin ƙasa. Kuma wa ya ce babu abin da ya same su? Yaran da gudawa ta ɗauke a wancan zamani, ba wanda ya kai kashinsu ɗakin gwaji.

Kaza lafiyayya sumul tana iya ɗauke da ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter a hanjinta. Ba ta rame ba, ba ta fasa ƙwai ba, amma suna cikin kashinta, suna kan gashinta da ƙafafunta da ɓawon ƙwanta. Babba mai ƙarfi zai yi gudawar kwana uku ko biyar ya miƙe. Yaro mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake nufa, ruwan jikinsa kan ƙare cikin dare ɗaya. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take gargaɗin kada yaro ƙasa da shekara 5 ya taɓa kaji ko 'yan tsaki, kada kuma a shigo da su cikin ɗakunan zama. Masu bidiyo sun ɗauko hoton kejin, sun bar gargaɗin a can.

Akwai gidajen da maganar ta wuce shawara. Duk gidan da ke da mai sikila, a sani cewa Salmonella tana daga cikin manyan ƙwayoyin da ke shiga ƙashin masu wannan lalura su yi ruɓa a ciki, jinyar da ke cin makonni ana allura, wani lokaci har da tiyata. Haka mai juna biyu, da tsoho, da mai shan maganin daji ko na ƙanjamau. Mai asma kuma, warin nan mai hawa kai da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, da ƙurar gashi da ta dusa, sun isa su tayar masa da ciwo a ɗakin da tagarsa ke kallon baranda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne kafson. Ja da yalo tetracycline ne, maganin bakteriya. Gyangyaɗin da ke kama kaji, musamman da hunturu, su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa cutar Newcastle ce, ita kuwa bairos ce, kafso ba ya taɓa ta. Allurar rigakafi ko ɗigonsa ake yi mata, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana haɗa shi. Wanda ya buɗe kafso ya zuba a ruwan sha bai san nawa kowace kaza ta sha ba. Abin da ya tabbata kawai shi ne ya ba ƙwayoyin da ke hanjinta ɗan maganin da bai isa ya kashe su ba, sun saba da shi, masu taurin kai sun yaɗu. Su ne kuma za su hau hannun yaro. Ranar da likita ya rubuta masa magani, mu a taga mu miƙa, ya sha ya ƙi aiki, sai a koma wa mai tsada, wanda wataƙila ma babu shi a kanta. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Sannan maganin ba ya tsayawa a jikin kaza. Gwaiduwa tana ɗaukar kimanin kwana goma tana haɗuwa kafin a saki ƙwai, don haka ƙwan da aka ɗauka kwanaki bayan an daina ba da magani yana iya ɗauke da sauransa. Magungunan dabbobi na gaskiya suna da wa'adin jira a rubuce a jikinsu, wasu ma an rubuta kada a ba kaza mai ƙwai sam. Kafson mutane ba shi da wannan bayani, domin ba a yi shi don kaza ba. Na taɓa jin wanda ya ba kajinsa chloramphenicol, maganin da ƙasashe da dama suka haramta ba dabbar da za a ci, saboda yana iya kashe ɓargon da ke haɗa jini. Wannan ƙwan ne ake soya wa yaro da safe ana alfahari da cewa na gida ne, ba na gona ba.

Murar tsuntsaye ba zan ja ta ba, don ba kullum take zuwa ba. A dai tuna cewa a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a Fabrairun 2006, kuma a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Kazar da aka sayo a kasuwa aka hau da ita bene, ba wanda ya san da wa ta kwana a keji.

Wanda yake da fili a ƙasa, nesa da kicin, ya yi kiwonsa, Allah ya sa albarka: takalmin shiga daban, sabulu a bakin ƙofa, yara ƙanana a waje, rigakafi a kan lokaci, magani kuma sai wanda likitan dabbobi ya rubuta. Ƙwai a dafa shi har gwaiduwa ta daskare. Idan kaji suka fara mutuwa bi da bi, kada a yi saurin kai wuƙa don kada a yi asara. A nisanta yara, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wanda kuwa baranda kaɗai gare shi, kuma akwai mai rarrafe ko mai sikila a gidan, ya kai kajin gidan ɗan'uwa mai fili, a riƙa aiko masa da ƙwan.

Abin da na gaya wa matar ke nan. Ta ce za ta yi shawara da maigida. Na ƙara mata ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana goma, na roƙe ta ta gaya wa likitan yaron cewa akwai kaji a gidan, domin ba ta faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba.