Kurciyar Gamji Ba Tantabara Ba Ce, A Bar Ta Kan Icenta

Rubutun wannan mako rigima ce da masu sha'awar tsuntsaye, kuma ba zan ɓoye ɓangarena ba: duk wanda ya kama kurciyar gamji ya jefa a keji da sunan kiwo, ɓarna yake yi.

Ga inda abin ya samo asali. Hotunan wasu kurciyoyi masu launi kamar an yi musu rini suna yawo a Facebook da TikTok. Kurciyoyi ne masu cin 'ya'yan itace, asalinsu Indunusiya da Ostireliya da tsibiran tekun Pasifik, ana kiwonsu a manyan kejina a Turai da Amurka. Matashi ya gani ya yi sha'awa, kuɗin saye babu, sai ya waiwayi mai kama da su a ƙasarmu. Ita ce kurciyar gamji: bayanta kore, cikinta rawaya, kafaɗarta da ɗigon shunayya. Abincinta 'ya'yan gamji da danginsa irin su ɓaure, da ƙyar ma take sauka ƙasa.

Za a ce, ai Turawa ma suna kiwon irinta. Gaskiya ne, amma a dubi yadda suke yi. Kejin nasu ɗaki ne guda, da itatuwa a dashe a ciki. Kullum sai an yanka 'ya'yan itace sababbi, an kwashe na jiya, an wanke wurin. Duk da wannan hidima, yawancinsu ƙwai ɗaya tak suke yi a kwanci guda. To wa zai iya wannan a Bodinga cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gwandar da aka yanka da safe ta lalace kafin azahar? Abin da zai faru sananne ne: a watsa mata gero kamar kaza, ta ƙi ci, ta rame, a wayi gari a jefar.

Wasu kuma za su ce keji ne zai hana ta ƙarewa. Amurka ta taɓa mallakar wata kurciyar daji da garkenta ke rufe rana idan ya taso. Farauta da saran daji suka cinye ta. Ta ƙarshe ta mutu a 1914 a gidan namun daji na Cincinnati, cikin keji, ana kallo. Kejin bai cece ta ba.

Mai son kiwo da gaske ga tantabara nan, wadda iyayenmu suka sani da tukwane da akurki a bayan ɗaki. Ƙwai biyu take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka, uwa da uba su ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu. Cikin mako huɗu 'yan shila sun isa kasuwa. Ta fita kiwo ta dawo da kanta. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Mai son kurciyar gamji kuwa, ya yi faɗa da gatari. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Bodinga, ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal, ya ga itacen girki da ake jibgewa a bakin titi. Duk gamjin da ya faɗi, rumbun kurciya ne ya rushe, kuma ba a shekara biyu ko uku wani ke maye gurbinsa ba. A ƙasar da ake yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari da Gamji, abin kunya ne yaro ya tashi ya san sunan bai taɓa zama a inuwar icen ba.

Saboda haka mai tarko ya naɗe tarkonsa, mai kuɗin keji ya sayi dashe ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ku kuma 'yan Bodinga, Sifawa, Danchadi da Shagari da ke cikin wannan zaure, ku faɗa mana a ƙasa: gamji nawa ya rage a garinku, kuma yaushe rabonku da ganin kurciyarsa? Wanda bai yarda da ni ba, fili nasa ne, amma ya zo da hujja.